Nomau Mai Gadin Eriya

A bayan tasha akwai wata ma'aikaciyar jinya, Talatu, tana zaune da ƙanenta Nomau. Ƙato ne, ga gemu har ƙirji, amma kan nan fanko: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Talatu ta samu kiran ganawar aiki ta bidiyo, aikin da ta daɗe tana nema, sai ta sa kamfanin garin ya kafa mata eriyar intanet a kan rufi. Ta kuma rantse in Nomau ya ɓata mata ganawar nan, ƙauye zai koma. Shi kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar ƙauye.

Wata rana mai haɗa eriyar ya ce, "Kada komai ya tare tsakaninta da dogon ƙarfenmu na kan tsauni." Nomau ya ɗaga kai, ya hango mangwaron maƙwabci. Kafin la'asar mangwaro na ƙasa. Talatu ta sha zagi ta ƙoshi, gogan naka kuwa cewa yake, "Ai shi ya tare, Yaya."

Wata rana aka ce ɗan akwatin da ke raba intanet ɗin ba ya son zafi. Tausayi ya kama Nomau, ya tsoma shi cikin randa, ya rufe da faifai. Talatu ta zo shan ruwa, moɗa ta ci karo da shi.

"Na shiga uku! Nomau, wane irin mutum ne kai?"

"Taɓa ki ji, Yaya, ya yi sanyi ƙalau."

Sai da aka sayo sabo.

Wata rana, ranar ganawar ke nan, ta ce masa, "Kada ka bar kowa ya hau rufin nan." Ana haka sai ga mutum biyu da rigunan kamfani da tsani, wai sun zo gyaran eriyoyin unguwa. Nomau ya tare ƙofa.

Talatu ta leƙo ta taga. "Kai, bar su! Ma'aikata ne!"

"Kin ce kowa, Yaya."

Ya sunkuci tsanin mutane a ka, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kunya ta ishi Talatu. Ta ɗaure masa kayansa a ƙunshi, ta ajiye a zaure, ta zauna ganawa ranta a ɓace. Intanet kuwa ko tari bai yi ba har aka ce mata ta samu aikin.

Da yamma unguwa ta ɗauki salati. Ashe ɓarayi ne, sun kwance eriyar kowane gida ban da ta Talatu, sun yi gaba. Masu wayon unguwa su suka ara musu tsani, suka riƙe musu, har da ba su haƙuri kan haukan Nomau.

Can sai ga shi ya dawo da tsani a ka, ya ga ƙunshinsa a zaure, ido ya cika da ƙwalla.

"Yaya, motar safe zan bi?"

Talatu ta durƙusa tana kwance ƙullin. "Ajiye tsanin nan ka zo ka ci tuwo, ɗan uwana."