Rasuwar Ordinatar Gidan Ɗan Azumi a Ƙahon Rago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da haƙarƙari mai ciwo, ni Ɗan Azumi na unguwar Birni, Zinder, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ordinatar gidanmu, wato kwamfuta, wadda aka kashe ranar Talata da hantsi.

Marigayiya malama ce mai haƙuri. Ita ke koya wa jikata Ummul Khairi lissafin mol, darasin shimi, ilimin sinadarai, da ya kayar da yarinyar a bak, jarrabawar gama sakandare, bara. Ni da na bar lakwal tun aji huɗu nakan zauna a bayanta. A nan na ji cewa ƙwayoyin zarra ba sa ƙirguwa, sai a aune su kamar gero a tiya, kuma tiyarsu ita ce mol: shida da sifili ashirin da uku. Tun ranar nake jin nauyin kurɓar ruwa. In yarinyar ta dace, marigayiya ta ce "tilin". In ta kuskure, ta ce "ɗum", ba zagi, ba bulala.

Ajalinta ya zo haka: zafi ya sa muka fito da ita tsakar gida, na goge fuskarta har tana ƙyalli. Aka ɗauke wuta, batir ba ya riƙe caji, fuskar ta yi baƙi kamar madubi. Ragon layyarmu ya hango wani rago a cikin baƙin gilashin. Ya tsinke igiya, ya ja da baya, ya zo. Karon farko ya farfasa fuskar. Na biyu ya fito da hanjinta, ja da kore. Na rarumo taɓarya, na uku ya same ni. Ya tattake gawar, ya tauna wayarta a gabana.

Ta bar linzami, wato maus, da batir mai kumburi, da Ummul Khairi wadda bak ke jira bayan Salla, mol bai gama zama a kanta ba.

Za a kai gawar wurin Suma'ila mai gyara, wanda ya zo ya duba, ya ce ƙwaƙwalwar na da rai, gangar jiki kawai take nema. Uwargida Balaraba ta ce a yanka makashin yau. Na ƙi. Ranar Alhamis za a ja shi kasuwa, ya sayo jikin da ya ɓata.

Zaman makoki a ƙofar gida ne. Bana ba layya a gidan nan. Waɗanda suka saba zuwa karɓar cinya, a wannan karon su kawo.