Ranar da Na Shayar da Motar Baba Saje Kunu

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Adda Hauwa ba, ko da na so mantawa mutanen tashar Bolari ba za su bar ni ba. Sati uku ke nan, amma har yau idan aka ƙyasta ashana kusa da ni sai na zabura.

Bikin yayata ya faɗo a tsakiyar wahalar fetur. Rediyo kullum cewa yake ƙasarmu ta yi arzikin mai, an ƙara albashi, kowa ya sayi mota ko babur, amma gidan mai layi ne har ya sha kwana. Motar da za ta kai kayan ɗaki daga gidanmu a Jekadafari zuwa gidan ango ta gagara. Sai kawun ango, Baba Saje, ya aiko cewa a kwantar da hankali, a-kori-kurarsa ba ta shan fetur, gawayi take ci.

Baba Saje tsohon soja ne, direba tun yaƙin Bama, can ya ga ana yi. Ya kafa wata doguwar ganga a bayan motar, ana zuba gawayi a hura, iskar da ke fita ta bi bututu zuwa inji. Wata biyu yana bin sarkin tasha ya yarda a ɗaura wa motocin haya irinta, shi kuwa yana ta ja masa rai. A ƙarshe sarkin tasha ya ce idan ganga ta kai kayan amarya lafiya a gaban idon direbobi, zai ba da mota uku a gwada.

Ana gobe jere, maƙwabcinmu Malam Buba (wanda ke sayar da fetur a galan a bayan gidansa, abin da ya kamata in tuna ke nan) ya tare ni a ƙofar gida.

"'Yar boko, da gaske a motar Saje za ku?"

Na ce eh.

Ya girgiza kai. "Ke da kika gama sakandare, me aka koya muku idan wuta ta haɗu da mota? Ni dai ban ce komai ba. Amma mutumin da ya saba da bom, kin san kansa sai a hankali."

Shi ke nan ya gama da ni. Na shiga gida ina tuna malamin kimiyyarmu da ashanarsa da kwalbarsa. Na fara lissafin abubuwan da ban yarda da su ba: me ya sa Baba Saje ya ƙi karɓar ko sisi? Me ya sa ba ya barin kowa ya taɓa gangar? Me ya sa idonsa ɗaya yake ƙiftawa? (Daga baya na ji tun yana yaro haka idon yake.)

Da safe ya iso, ya yi kusan rabin awa yana hura ganga da zugazugi, hayaƙi ya cika lungu. Aka loda gado, katifa, matasai, da kwanukan langa jere guda. Goggo Dija, ƙanwar babanmu, ta shige gaba. Ni da sauran mata aka tura mu baya, aka ɗora mini babbar tukunyar kunun gyaɗa da za a kai wa dangin ango.

"Riƙe da kyau," in ji Goggo, "ko ɗigo kar ya zube, kin san bakinsu."

Wurin zamana kuwa dab da gangar. Zafinta na dukan ƙafata, ga wani ɗan rami a ƙasanta da nake hango garwashi ja wur. Mata na waƙa suna guɗa, ni ina karanta duk addu'ar da na iya. Mota dai tana tafiya, a hankali kamar mai ciwon ƙafa, amma tana tafiya.

Da muka kai gaban tasha sai Baba Saje ya tsaya. Direbobi suka taso, sarkin tasha a gaba. Ni ban san an shirya tsayawar ba. Na ce a raina, to, ga inda ya zaɓa, inda jama'a suka fi yawa. Ya hau bayan motar, ya ɗaga murfin gangar don ya ƙara gawayi, sai wuta ta yi fuu sama, shuɗiya, tsayin hannu. Shi ko gezau, ya juya zai ɗauko buhu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ƙwala ihu, "Bom! Ku gudu, zai kashe mu!" na ɗaga tukunyar da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na juye kunun gyaɗa kaf a cikin ganga.

Tururi da toka suka yi sama suka dawo mana. Fararen matasan Adda suka koma kalar gindin tukunya. Goggo ta fito daga gaba ɗankwali a hannu. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu, tashar Bolari gaba ɗaya ta ɗauki ƙamshin ƙonannen kunu.

Baba Saje ya leƙa gangar ya daɗe, sannan ya dube ni.

"'Yata, me na yi miki?"

"Baba, fetur... wuta da fetur..."

"Wane fetur?" Ya sauka ya buɗe tanki, ya zura sanda ya zaro ta a bushe. "Rabon motar nan da fetur tun kafin azumi."

Direbobi suka fashe da dariya, wani har da zama a ƙasa. Sarkin tasha bai yi dariya ba, kuma maganarsa ce ta fi ƙona ni.

"Saje, motarka ta yi tafiya, na gani da idona. Amma idan wadda ta yi boko ta firgita haka, yaya zan yi da fasinjan ƙauye ranar kasuwa? A bar maganar nan."

Baba Saje bai roƙe shi ba. Ya rufe gangarsa kawai.

Aka nemo wata motar ta ƙarasa da kaya. Ku canki wanda ya ɓullo da galan biyu a hannu, yana ta jajanta mana? Malam Buba. Har ya ce mini, "Sannu 'yar boko, kin yi ƙoƙari."

Washegari Goggo ta tasa ni gaba na je na durƙusa. Na tarar da Baba Saje yana kankare kunu daga bututu da cokali. Ya ce ya yafe, ya ƙara da cewa, "Amma gaba idan za ki kashe wuta, ki bar wa mutane abin karyawa."

Yanzu gangar tana zaurensa, kaji na kwana a kai, motocin tasha suna layin mai. Ni kuma duk inda na gifta a Bolari sai in ji an ce, "Ga 'yar kwana-kwana nan!"

Na zargi idon mutum, na zargi kyautarsa, na zargi gangarsa, ban zargi mai galan ba. Daga yau duk wanda ya ce mini abu zai fashe, kafin in ɗaga tukunya sai na fara tambayar me yake sayarwa.