Bangon da Ya Ciji Hajo

Sa'idu masinja ne a tashar jirgin ƙasa ta Zariya, ɗakin da aka ba shi har da lantarki. Da matarsa Bilki ta haihu, sai ya taho Gazara ɗaukar kakarsa Hajo don wankan jego. Ya tarar da ita tana ɓarar gyaɗa.

"...lafiya lau, amarya. Ina kayanki? Mota ba ta jira."

"Amaryar wa? Ni da ɗakin nan naka har abada. Bangon da ya cije ni bara?"

"Bango ba shi da haƙori. Ke ma ba ki da su, shi ya sa kike masa sharri."

"Kai, mijin banza! Ramuka uku na gani a jiki, na ce kunama ce ta yi gida. Na zura tsinken tsifa in fito maka da ita, abin ya fizge ni har ƙeya. Kwana biyu bakina na ɗanɗanon ƙarfe!"

"Wa ya aike ki farauta? Ramin jona wayar lantarki ne. Tsoron nan ya yi yawa, tsohuwa. Baturen tasharmu kullum yana cusa hannu kusa da irinsa, ko gezau."

"Bature yana yi wa jariri wanka a gindinsa? Ni zan shiga da ruwan zafi, hannu jiƙe, ƙafa ba takalmi, ɗan tattaɓa-kunnena a cinya. Ka ce mini tsoro ya yi yawa? Gobe ya fara rarrafe, yatsansa daidai ramin ne!"

"To ai sai a tsawata masa."

"Kai da aka tsawata wa, ba garwashi ka haɗiya kana shekara biyu ba? Jininka ne fa. Rantse mini abin bai taɓa kama ka ba."

Sa'idu ya sosa ƙeya.

"Sau ɗaya dai. Ina goge bango da jiƙaƙƙen tsumma."

"Ka yi ihu?"

"Na kira sunanki."

"Allah ya ƙara! Sai ka toshe shi zan taka ɗakin."

Sa'idu ya fashe da dariya, ya zaro farin goro ya ajiye mata a kan faifai.

"Kin ci, amarya. Yau kafinta zai buga masa murfin katako."

Hajo ta lalubo magogin goro tana harararsa.

"Da ƙusa huɗu. Miƙo mini ƙullin kayana, tun jiya na ɗaure."