Jirgi, A Gai Da Makka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na aika gaisuwa Makka ta lasifika ba.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Tudun Wada, Malama Binta mai koya mana Turanci ta ce ranar taron iyaye wasunmu za su fito su yi bayanin kalma ɗai-ɗai da Hausa. Ni ta ba ni "aviation". Ni, wadda ko sunana aka kira sai na fara kallon yatsun ƙafata. Na karɓa ne kawai don 'yan ajinmu su daina ce mini 'yar kifi, saboda gidanmu na masunta ne a bakin ruwan Tiga.

Malama ta fayyace mini cewa ba sunan jirgi ba ne, harkar jiragen sama ce gaba ɗayanta: ƙera su, tuƙa su, gyaransu, har da masu ba su izinin sauka. Na haddace tsaf. Sai kuma na ƙara gishirina (ba wanda ya aike ni): "Yara da mutanen ƙauye ne kaɗai ke zaton duk jirgin da ya wuce Makka za shi."

Alhali a gidanmu, tun muna tatata Kaka ta koya mana in jirgi ya gifta mu ɗaga hannu mu ce, "Jirgi, a gai da Makka!" Ko loma ce a hannunka, ajiyewa za ka yi.

Ranar taro iyaye suka cika bencina a ƙarƙashin darbejiya. Kaka na sahun gaba da mayafinta na salla, tana goga goro. Aka miƙo mini abin magana, wayarsa ɗaure da baƙar leda. Na fara, bayani na tafiya. Na iso kan jimlar nan tawa, na faɗe ta har da ɗaga haɓa.

Ban rufe baki ba sai ga rugugi daga sama. Wallahi hannuna bai yi shawara da ni ba, bakina ma haka.

"Jirgi, a gai da Makka!"

Har masu rake a bakin ƙofa sun ji. Sai Kaka ta rangaɗa guɗa.

"Amin, 'yar albarka! Kun ji ko? Boko ma ya tabbatar!"

Malama ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa. Wani dattijo ya ce, "Yarinya, in ya dawo ki tambayo mana tsaraba."

Burina dai ya cika, ba a sake ce mini 'yar kifi ba. Hajiya ake ce mini, har ƙannenmu 'yan aji ɗaya. Tun daga nan na gane: in za ki yi wa ƙauye gori a bainar jama'a, ki fara leƙa sama tukuna.