Sanarwar Rasuwar Fankar Lagireton Motarmu, Wadda Na Kashe da Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da har yau take min tsami, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar fankar lagireton motarmu, wadda ta cika ranar Laraba da misalin ƙarfe biyu na rana, a bakin titi, daura da wani shagon ɗinki. Niyyata in rubuta cewa ta rasu bayan doguwar jinya, in ja bakina in yi shiru. Sai 'yata mai shekara biyar, wadda muke kira Uwar Tambaya, ta dafa gwiwata da hannunta mai bandeji ta ce, "Mama, in mutum ne ya kashe abu da kansa, shi ma ana zuwa yi masa gaisuwa?" Saboda haka gara kowa ya ji daga bakina: ni na kashe ta, da sifanar taya, kuma ban tsaya ba sai da aka riƙe ni.

Marigayiyar ta shigo gidanmu tare da motar shekara huɗu da suka wuce, ba wanda ya san ainihin shekarunta. Baƙa ce, mai fukafukai bakwai, mazauniyar bayan lagireto inda ido ba ya kaiwa. Ba ta da surutu. In mota na gudu, iska na ratsa lagireto, sai ta kame abinta. Amma da zarar an shiga cunkoso ruwan inji ya fara ɗaukar zafi, sai ka ji "tak," sannan "fuuuuu," allurar zafi ta sauko ta koma mazauninta. Ranar da naƙudar Auta ta kama ni a tsakiyar cunkoso, maigidana yana ta danna oda kamar zai ɓalle ta, ita ce ta yi minti arba'in tana juyawa ba hutu har muka isa asibiti. Wannan alheri ban manta ba, ko a lokacin da nake rotsa ta.

Ciwon ajalinta ya fara ne bara. Muryarta ta dushe, "fuuuuu" ya koma "ƙirr, ƙirr, fuu." Sai fis ɗinta, ɗan abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ƙone. Muka sa sabo, ya ƙone. Muka sa na uku, bai yi kwana huɗu ba. A nan ne ƙanin maigidana, wanda yara ke kira Baffa, ya karɓi jinyar. Shi Baffa duk abin da ya lalace a duniya magani ɗaya yake da shi a wurinsa, wato duka: rediyo, famfo, injin wanki. Ya zare fis ɗin ya jefar, ya murɗa zaren waya ya cusa a gurbinsa. Ya kuma koya mana ƙa'ida: in ta ƙi tashi, a ƙwanƙwasa mata ƙeya da sifana, in ta ƙara taurin kai, a sa yatsa a tura fiffike ɗaya a janye da sauri. Abin takaicin, yana aiki. Kullum yana aiki. Duk lokacin da ya yi, Uwar Tambaya tana tsaye a kan bamba, ƙarfen gaban mota, tana tafa masa.

Ba zan ce ba a gaya min ba. Na kai ta wurin mai gyaran wayoyin mota, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya duba ta ina tsaye. Da ya ga wayar Baffa sai ya kalle ni, ya fizge ta, ya mayar da fis. Ya ciro rile, ɗan baƙin akwatin nan da ke ba ta wuta, ya musanya shi da na oda: oda ta yi ƙara, fanka shiru, ke nan ba laifin rile ba ne. Ya duba abin da ke auna zafin ruwa, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. A ƙarshe ya jawo waya biyu daga batir ya haɗa mata kai tsaye. Ko motsi. Ya ɗan ƙwanƙwasa ta, ta zabura. Ya ce gawayin da ke cikin ɗan injinta ne ya cinye, wuta tana zuwa mata, ita ce take maƙalewa. Ya ce a canza ta, kuma kada wanda ya sake kai mata hannu. Na gaya wa maigidana, muka ce ran Asabar. Asabar tara suka wuce.

Ranar Laraba na ɗauko yara daga makaranta, rana kamar za ta fasa kai, motoci sun tsaya cak. Ina kallon allura tana hawa. Na kasa kunne, ba "tak," ba "fuu." Da ta taɓa ja sai na gangara gefe, na kashe inji, na bar makulli a kunne don tagogi. Na ɗaga bonet, zafi ya mare ni a fuska. Na ce wa Uwar Tambaya ta zauna ta kula da ƙaninta, na zagaya baya ɗauko sifana. Taku goma ne, zuwa da dawowa.

Na dawo na tarar da ita a kan bamba, cikinta kwance a kan ƙarfe, hannunta na dama ya shige har gwiwa. Taimakona za ta yi, yadda ta ga Baffanta yana yi. Kafin ihuna ya fita na ji "ƙirr," sannan "fuuuuu," da ƙarfin da marigayiyar ta yi wata shida ba ta nuna ba. Na fizgo yarinyar ta bayan riga har maɓallai suka watse a kwalta. Jini ya feshe min fuska. Farcen yatsanta na tsakiya ya fita ɗungurungum, kan yatsan ya tsage biyu. Fankar kuwa tana ta juyawa abinta, tana fesa jinin 'yata a jikin lagireto.

Telan shagon ya fito da gudu, ya naɗe hannun da ƙyalle, ya ɗauke ta. Ni kuma na juya kan fankar da sifanar. Bugun farko ya karya fiffike biyu, guda ya tashi ya daki gilashin gaba. Na biyu ya shiga tsakiyarta, ta yi "ƙaƙaƙaƙa" kamar mai shaƙuwa. Na ci gaba. Na fasa gidanta na roba, na tsinke wayarta, na lotsa lagireton da ba ruwansa. Ina bugu ina zaginta da kalmomin da ban san na iya su ba. Sai da wata mai sayar da ruwa ta rungume ni ta baya, tana cewa baiwar Allah ki bar ƙarfe ki kai yarinya asibiti, sannan sifanar ta faɗi daga hannuna. Sautinta na ƙarshe "tik, tik" ne, shi ke nan.

An yi wa yatsan ɗinki huɗu. Likita ta ce farce zai fito, kuma da hannun ya ƙara shiga kaɗan da yanzu wani zance ake yi. A kan bencin asibiti na gane cewa wadda na kashe ba ta yi komai ba sai aikinta: an tura ta, ta tashi. Mu ne muka yi wata da watanni muna koya wa yarinya inda ake sa yatsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar lagireto, wanda ke kwance a gareji yana zubar da ruwa ta raunin da na ji masa. Da rile, wanda aka zarga kuma aka wanke. Da fis uku da suka riga ta tafiya suna ƙoƙarin faɗa mana gaskiya. Da Baffa, wanda tun ranar bai tako gidan nan ba, kuma ya yi wa kansa gata.

Za a fitar da gawar gobe da ƙarfe goma na safe daga garejin dattijo mai tabarau, a cikin buhu, don ba a samu haɗa ta wuri guda ba. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ne zai raka ta makwancinta. Magajiyarta za ta kama aiki a ranar, ba ran Asabar ba. Masu zuwa gaisuwa su wuce ni, su shiga falo su yi wa Uwar Tambaya sannu, amsar tambayarta ke nan.

Kai kuma mai karatu, ji da kyau. In fankarka sai an doke ta take tashi, ta riga ta mutu, canza ta yau. Kada ka sa waya a gurbin fis. Kada ka kai hannu kusa da ita sai ka zare makulli ka cire kan batir, don tana iya tashi ko inji a kashe yake. Kuma duk wanda na sake gani yana tura fanka da yatsa a gaban yaro, ko ƙanin wa ne, ya sani sifanar tana nan a ƙarƙashin kujerata.