Taki Mai Kyanwa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Baba ya kira ni ta bidiyo daga gona ba, duk da cewa, in faɗi gaskiya, na sha ƙoƙarin mantawar. Lokacin ina Maleshiya ina digiri na biyu a kan kimiyyar ƙasar noma. Karatun nan nawa shi ne rabin matsalar. Ɗaya rabin kuma, ina jin, ni ne.

A can ina haya ne a gidan wata tsohuwa mai kyanwa uku. Da ta lura ni mutum ne da ba ya mantuwa (ko in ce mutum ne da ba ya samun sukuni idan ya yi mantuwa), sai ta damƙa mini yi musu odar kaya ta intanet: abinci, maganin ƙuma, da wata irin ƙasa da ake sayarwa a buhu. Ƙasar fara-fara ce, ƙwaya-ƙwaya. Ana zuba ta a roba mai faɗi, kyanwa ta shiga ta yi bayan gida. Da ta jiƙe sai ta dunƙule, a kwashe da ɗan shebur a zubar. Da farko dariya abin ya ba ni, ni da na tashi a Kura. Bayan wata uku kuwa har na san wacce ta fi wacce kyau.

Ana nan sai Inna ta kawo mini ƙara a waya. Sana'arta turara shinkafa shanshera, ta shanya a tsakar gida kafin a kai inji. Tana da kyanwa da ke tsare mata buhuna daga ɓeraye, to kyanwar ta koyi mugun hali. Da an baza shinkafa sai ta shiga tsakiya, ta tona, ta yi abin da za ta yi, ta rufe da kyau.

"Wallahi na gaji," in ji Inna. "Zan sa a kai ta bayan kanal a yar."

Na ce ta ɗan ba ni lokaci. Sati biyu na yi ina bincike, ina karanta ra'ayoyin mutanen da ban sani ba a kan kashin kyanwar da ban taɓa gani ba. A ƙarshe na sami wani shago a Legas da ke aikawa har Kano. Na yi odar buhu biyu, da robar, da ɗan shebur ɗin. Na sa sunan Baba da lambarsa, saboda Inna ba ta ɗaukar baƙuwar lamba.

Kada a ce ban yi bayani ba. Na yi. Na tura wa Baba saƙon murya na minti tara. Na gaishe shi, na gaida Inna, na tambayi mutanen unguwa gida-gida, na ba da haƙuri idan abin da na yi bai dace ba, na bayyana cewa mai yiwuwa ya yi aiki, mai yiwuwa kuma bai yi ba. Daga baya na koma na saurara da kaina: sai a minti na bakwai na ambaci kyanwa. Baba ya amsa da "Madalla, Allah ya yi albarka," ni kuma na ɗauka ya ji har ƙarshe.

To, ranar Asabar ɗin ina ɗaki da la'asar, a gida kuma hantsi ne, sai ga kira. Ina ɗauka na ga fuskar Baba ta cika waya, hula a ture, yana murmushin da ban cika gani ba.

"Ga shi nan, ga Dakta!" (Ni ba dakta ba ne, ko hanyar ban kama ba tukuna, amma a wajen Baba duk wanda ya hau jirgi don karatu ya gama zama.)

Ya juya wayar. Mutum shida ko bakwai ne tsugune a bakin fangali. Na gane Alhaji Mudi, shugaban masu ban ruwa na layinmu, da Kawu Tanko, abokin Baba tun yarinta, wanda suka shekara talatin suna gardamar wa ya fi wani iya albasa. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ina ta tunanin wa ya rasu.

Sai Baba ya saukar da wayar ƙasa. Ga ɗaya daga cikin buhunan da na aiko a buɗe a kan kunya. Ga fangali biyu na renon albasa an baɗe su fari fat, ƙasar ta sha ruwa ta kumbura kamar an zuba kunu. A hannun Baba kuma ga ɗan shebur ɗin, ya mai da shi ma'auni.

"Ka ga aikin takinka? Tun Laraba ban ƙara ba su ruwa ba, amma dubi danshi. Na ce musu irin wannan sai waje."

Ban san me fuskata ta yi ba. Na ce, a hankali, "Baba, ba ku ga hoton da ke jikin buhun ba?"

"Mun gani mana. Tanko ma ya yi magana, na ce masa tambari ne. Wani kamfanin zakara yake sa wa, wani giwa, su kuma kyanwa suka ga dama."

Kuma fa in aka yi adalci, me zai hana ya yi tunanin haka? Ɗanka yana karatun ƙasar noma, ya aiko da buhu da sunanka, a daidai lokacin reno, abin ciki kuma ƙwaya-ƙwaya. Ko ni ne a wurinsa, wataƙila abin da zan yi ke nan.

Alhaji Mudi ya matso ya gyara murya. "Dakta, tambaya biyu. Shebur nawa ake zuba wa fangali? Sannan mun yi shawara, idan muka haɗa kai, za ka iya sa a kawo mana mota guda kafin dashe? Ni har na roƙi babanka ya ɗan ɗiba mini a ɗaya buhun, gobe zan zuba wa nawa."

A nan na yi tunanin kashe waya in ce sabis ne. Har yatsana ya kai. Amma na san halin ƙasar nan: idan rana ta buge ta, bushewa za ta yi ta zama ɓawo kamar siminti, tsiron albasa ba zai iya fasa ta ba. Idan na yi shiru, renon mutum bakwai zai tafi. Idan na yi magana kuma, Baba ne zai tsaya a gaban Kawu Tanko da shebur ɗin kashin kyanwa a hannu.

Na fara yadda na saba. "To, a gaskiya, a iya sanina, ba lallai a kira shi taki ba. Wato akwai ƙasashen da, a wasu yanayi, idan ƙasar gona ta cika yashi..."

"Kai yaro," in ji Kawu Tanko, "rana tana yi. Taki ne ko ba taki ba?"

Na runtse ido. "Ba taki ba ne, Kawu. Na kyanwar Inna ne. A ciki ake so ta riƙa bayan gida."

Sai Kawu Tanko ya fashe. Dariya ta kayar da shi zaune a kan kunya, yana dukan cinya.

"Malam Isa! Ashe masai ka gina wa albasa! Har da kiran taro!"

Sauran ma suka kasa riƙewa. Alhaji Mudi ya toshe baki da hannun riga don girma, amma kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a ɗakin nan, da na shige, ko da ta buhu ce.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yar da shebur ɗin ba. Ya dube shi, ya juya shi, ya jira har suka lafa.

"Kun gama? To ku saurara. Yaron nan sai an hau jirgi biyu kafin a je inda yake. Sau ɗaya uwarsa ta yi ƙorafi a waya, ga buhu biyu har ƙofar gida. Tanko, naka yana nan Kumbotso, mota ɗaya. Yaushe rabon da ya aiko maka ko goro?"

Dariyar ta juya. Kawu Tanko ya ce, "A'a, ai ba a nan maganar take ba," aka ce masa a nan take.

"Sannan da wani ne," Baba ya ci gaba, "sai ya rufa wa ubansa asiri ya bar ku ku cika mota. Wannan a gabana ya faɗi gaskiya." Ya ɗago wayar saitin fuskarsa. "Kai kuma daina sunkuyar da kai. Faɗa mana yadda za a ceci fangalin nan, ai shi ne karatun naka."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce a kankare saman tun yana da danshi, a bi a hankali kada a taɓa saiwa, a baɗa yashi da ruɓaɓɓen takin gida, a riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma. Ko "wataƙila" ɗaya ban saka ba (wannan kam, a tarihina, abin a rubuta ne). Kafin mu yi sallama Alhaji Mudi ya karɓi wayar yana tambayata a kan wani gefen gonarsa da ke fitar da kanwa-kanwa, muka ɗauki kusan rabin awa, Kawu Tanko ma yana sa baki.

Fangali ɗaya ya tsira, ɗaya ya tafi. Baba bai taɓa yi mini maganar wanda ya tafi ba. Har yau idan na je gona akwai masu ce mini Dakta Mai Kyanwa, kuma ina amsawa, domin yawanci tambaya ce ke biyo baya.

Abin da na koya, idan ban yi kuskure ba, shi ne: in har ya zama dole ka kunyata mahaifinka a gaban abokansa, to ka faɗi maganar a taƙaice, ka yi shiru, ka bar masa sauran. Ya fi ka sanin ɗan wa ke Kumbotso.