Honorabul Tukuna da Lungun Mma Azara

Ba kowace unguwa Allah Ya ba mutum irin Honorabul Zulkifli ba. Mu a nan gefen unguwar Maamobi Ya ba mu shi, muna kuwa godiya gwargwadon ƙarfinmu. Shi ne wakilinmu a majalisar ƙaramar hukuma, wadda kowa a nan yake kira Asambuli, a can kuma shi ne shugaban kwamitin tsara gari. Duk wani lungu, duk wata gota ta ruwan kwata, duk inda za a kafa famfo ko a hana kafa shago, sai ya bi ta ƙarƙashin alƙalaminsa. Shi ya sa alƙaluman suke jere a aljihun gaban rigarsa, ja da kore da baƙi, kowanne da murfinsa. Ba mu cika ganin an cire murfin ba, abin da ke nuna mutum ne mai tattali.

In ya fito da safe cikin farar shadda, tabarau a goshi, jakar fata a hammata, har direbobin motocin haya na tiro-tiro sukan rage gudu. Wasu sun ce don girmamawa ne, wasu sun ce don a tsakiyar titi yake tafiya. Duka biyun suna iya zama gaskiya.

Kowane babban mutum da sana'arsa. Wani gada yake ginawa, wani asibiti. Honorabul jadawali yake ginawa. Ya sha yi mana bayani, mu da iliminmu bai kai nan ba. Kafin a taɓa ko da bulo ɗaya a unguwa, sai an rubuta takardar tsarin unguwar. Ita kuma ba ta fitowa sai an gama babbar takardar tsarin ƙaramar hukuma. Ita babbar tana jiran jagorar da gwamnatin ƙasa za ta aiko. Aikinsa shi ne ya jera lokacin da za a haifi kowace takarda, wace ce yaya, wace ce ƙanwa. Wannan jerin shi ne jadawali. Idan ka tambaye shi ko an soma aikin da ke ciki, sai ya ɗaga yatsa a hankali ya ce, "Tukuna." Samarin da ke shan ataya a bakin titi, da yake ba su da tarbiyya, da sunan suke kiransa ke nan. Mu manya ba ma faɗa sai in ya wuce.

To, a cikin unguwar akwai wani lungu, a ƙarshensa kuma akwai Mma Azara. Rabin magidantan unguwar nan da kokonta da ƙosanta suka tafi makaranta. Yanzu ta ajiye ludayi, gwiwoyi sun gaji, jiki kuma Allah Ya yi masa albarka ta kowane gefe. Bayan gidanta babbar gota ce, don haka lungun nan shi kaɗai ne hanyarta ta zuwa duniya.

A bakin lungun Alhaji Falalu, dillalin albasa a kasuwar Agbogbloshie, yake gina bene. Benen nan lafiyayye ne, don kullum ƙiba yake yi. Bana matattakala ta sauko cikin lungun, baɗi ginshiƙi ya biyo ta, sai tankin ruwa ya zo ya zauna kusa da su. Da mutane suka kai kuka Asambuli, aka ce musu babu takardar da ta ce lungun hanya ne. Takardar tsarin unguwa ce za ta faɗa, ita kuwa tana cikin jadawali. An ce uwargidan Honorabul, Hajiya Sa'adiyya, ƙanwar Alhaji Falalu ce. Amma wannan zancen zumunci ne, ba shi da haɗi da tsara gari.

Ranar da Malam Seidu tela ya rasu, wanda ke haya a gidan Mma Azara, aka ga inda lungun ya kai. Makara ta shiga da ƙyar, da za ta fito da mai ita sai ta ƙi. Aka ja baya, aka sake gwadawa. Daga ƙarshe sai da aka ƙara ɗaure bawan Allah da igiya, aka karkata makarar a gefe guda.

"Ɗaga ta wajen kai!"

"Kai, sassauta ƙafa, ginshiƙi ne!"

"A hankali, ku masu baya, ba firiji ba ne!"

Liman yana ta salati da ƙarfi don ya rufe surutun. Mma Azara tana zaune a bakin ƙofarta cikin mata tana kallo. Da suka ɓace, ta dubi lungun, ta dubi kanta. Sannan ta ce, "Seidu da ba shi da nama aka jirkita shi haka. To ni fa?"

Tun daga ranar ba ta da wani buri a duniya sai guda. Ba ta neman Makka, ta je. Ba ta neman famfo. So take ranar da za ta bar gidanta ta fita a miƙe, kamar baiwar Allah, ba a gicciye ba samari suna ihu a kanta.

Honorabul mutum ne mai jin kukan talaka, musamman in akwai lasifika a kusa. Ya sa aka kafa rumfunan kanofi a ƙofar gidansa, don nan ne bakin babban titi, nan kaɗai ke da fili. Aka jera kujerun roba, aka raba zoɓo mai sanyi, aka ƙaddamar da jadawali. An buga shi a ƙaton allo da hotonsa a sama, hoton ya ɗan fi jadawalin girma.

"Jama'ata," in ji shi, "abin da kuke gani a nan, ko a London sai su yi mana kishi. Ga mataki na nazari. Ga mataki na tuntuɓa. Ga mataki na nazarin abin da aka tuntuɓa. Lungun uwarmu Mma Azara yana nan, ga shi, da kore na sa aka rubuta shi. Bayan damina magana ta ƙare."

Aka yi tafi. Damina ta zo ta wuce. Kafin ƙasa ta bushe sai gwamnati ta ce majalisun birni sun yi girma, a raba su ƙanana don hukuma ta matso kusa da jama'a. Ta kuwa matso, har muna jin numfashinta. Sai dai sabuwar Asambuli ba za ta yi aiki da jadawalin tsohuwa ba, tambarin da ke kansa ma ya canza. Aka sake kafa kanofi. A sabon allon lungun ya koma ja, ya kuma sauko ƙasa kaɗan.

"Ba baya muka koma ba," Honorabul ya yi bayani. "Daidaitawa muka yi da ƙasa. Mai hankali ba ya riga gwamnati tafiya."

Bayan wannan aka ce an kawo sabon salon tsara garuruwa, dole shugabannin kwamitoci su je taron bita. Honorabul ya tafi wani otal a bakin teku domin mu. Ya dawo da sabuwar jaka, da kumatu, da kalmar da ba mu taɓa ji ba, wai firemwok. Duk wanda ya gaishe shi a makon nan sai da ya samu rabonsa na firemwok. Mai shayi ya tambaye shi sukari nawa, ya ce ya danganta.

Kada a ce bai taɓa zuwa lungun ba. Ya zo, ranar wata Talata da hantsi, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya tsaya a bakin lungun ya leƙa. Ya dubi ginshiƙin Alhaji Falalu, ya dubi farar shaddarsa, sai ya ga babu dalilin wahalar da jama'ar ciki da ziyara. Ya ciro waya ya buɗe taswira, ya ware ta da yatsu biyu har lungun ya cika fuskar wayar.

"Ku duba nan," ya ce. "A taswira lungun nan mota ma za ta shiga. Matsalar mutanenmu ita ce da ido suke auna abu."

Daga can ciki muryar Mma Azara ta fito. "Honorabul, to ka shigo ta taswirar mu gaisa mana."

Ya yi dariya irin ta manya, ya ce a gaya wa Mma yana da mitin.

Sai aka yi zaɓen ƙasa, sabuwar gwamnati ta hau, ta ce za ta sake duba duk abin da ta tarar. Jagorar da ake jira aka ce a dakata da jiranta, akwai wata tana tafe da ta fi ta. Da wani ne, da tuni ya karaya. Honorabul kuwa fuskarsa har sheƙi take yi, kamar manomin da ya ga hadari. A wannan tsakanin benen Alhaji Falalu ya samu ƙaramin shago a gindinsa, inda ake sayar da katin waya. Masu shiga lungun suka koyi tafiyar kaguwa.

Da zaɓen 'yan Asambuli ya matso, aka kafa kanofin da ya fi na kullum. Wannan karon abin da za a ƙaddamar shi ne jadawalin sake duba jadawali. Aka gayyato liman da sarkin unguwa da shugabar mata. Honorabul ya aika musamman a zo da Mma Azara ta zauna a sahun gaba, don hoto ba ya kyau in babu tsohuwa.

Ta zo. Yadda ta fito daga lungun, matan da suka taimaka mata ne suka sani, sun kuma ƙi faɗa. Abin da muka gani shi ne ta iso tana haki, gefen zanenta da farar ƙurar siminti, bayanta kuma mata suna biye da kaya a ka: tabarma, buta, akwatin ƙarfe, ƙullin zannuwa, da wata tsohuwar tukunya. Aka ɗauka daga taron za ta wuce tashar Tudu ta hau mota zuwa wajen dangi. Ba wanda ya tambaya.

Honorabul ya yi jawabi mai tsawo. Ya ambaci firemwok har liman ya soma gyangyaɗi. Can wajen ƙarshe ya sanar da cewa Asambuli ta riga ta amince da sabon jeri, kuma bisa shawararsa an ɗaga takardar tsarin unguwa zuwa bayan zaɓe, bayan isowar jagorar ƙasa, bayan kuma an horar da waɗanda za su karanta jagorar.

Mma Azara ta ɗaga hannu. Shugabar mata ta miƙa mata makirfo kafin kowa ya hana.

"Ɗana, ni ban yi boko ba. Tambaya ɗaya ce. In Mai kira Ya kira ni kafin takardar nan taku ta iso, ta ina za a fitar da ni?"

Wayoyi suka tashi sama, kowa yana ɗauka. Honorabul ya ga wayoyin, ya ga sarki, ya tuna akwatin zaɓe. Irin wannan lokacin ne Allah Ya halicce shi dominsa. Ya sauke tabarau daga goshi, ya dafa ƙirji.

"Mma! Ni da na sha kokonki? Muddin ina numfashi ba mai karkata ki. Ke uwata ce. Ga gidana nan a bakin titi, gidanki ne. Ƙofata a buɗe take gare ki, yau da gobe da kullum. Jama'a ku shaida!"

"Mun shaida!" in ji jama'a. Liman ya farka ya shafa fatiha.

"Yoo," in ji Mma Azara. "Allah Ya yi maka albarka."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta ratsa ta gaban sarki, ta ratsa ta gaban allon, ta shige ƙofar gidan Honorabul. Tabarma ta bi ta, buta ta bi ta, akwati da tukunya suka bi. Tafin da aka yi ranar har unguwar Nima an ji shi. Honorabul ma ya yi tafin, sai dai hannuwansa kamar ba sa son haɗuwa.

Yanzu Mma Azara a babban falo take, wanda ke da fanka biyu da talabijin. Ta ce ɗakin baƙi ya yi mata nisa da ƙofa. Duk wanda ya zo ganin Honorabul sai ya durƙusa ya gaishe ta tukuna, ta tambaye shi ɗan wane ne, ta gaya masa yadda ubansa yake shan koko yana ɓata riga. Hajiya Sa'adiyya tana kai mata abinci da fuskar da ba ta da laifi, an kuma ji ta tana waya da yayanta a kan wani ginshiƙi, muryarta ba ƙasa-ƙasa ba. Maganar a ce tsohuwa ta koma gida kuwa ba ta taso ba. Hoton alkawarin yana cikin kowace waya a unguwar, zaɓe kuma saura ƙiris.

Honorabul ya zama mai sammako. Kullum yana Asambuli yana neman a kira zaman gaggawa a kan lungu guda, yana cewa rayuwar al'umma ce. Abokan aikinsa suna sauraronsa da ladabi, su nuna masa jerin da aka amince da shi, su yaba masa a kan kyawun tsarinsa.

Jiya da la'asar ya dawo, shadda ta yamutse, jaka tana reto a hannu. Ya tarar da Mma Azara a kan doguwar kujerarsa, ta miƙe ƙafafu, tana jan carbi tana kallon ƙofar falon da ke buɗe har zuwa titi.

"Mma," ya ce, "ki ƙara haƙuri. Ina nan ina matsa musu. Lungunki zai buɗe ki koma ɗakinki."

"A'a, ɗana, kada ka wahalar da kanka." Ta nuna ƙofar da carbin. "Na auna ta da idona. Makara za ta fita a miƙe, da mutum a kowane gefe. Ni hankalina ya kwanta, har abinci ya soma yi mini daɗi. Ku bi takardunku a hankali, kada ku yi kuskure."